Keken Dokas da Ragar 'Yan Tsaki

Gabukka, Gombe
5 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Kawu Elias,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Becky, kuma sanyin Jos bai sake tayar maka da ciwon gwiwa ba. Mu nan lafiya lau. Lizzy ta yi famfara, haƙoranta biyu na gaba sun fita, ta daina dariya a gaban baƙi. Danny kuwa ya jefa wayata cikin bokitin wanki don ya ga ko ta iya iyo. Ba ta iya ba. Ka ga ni ma yau na dawo takarda da biro irinka, kai da ka sallama waya tun da kunnenka ya yi nauyi. Kazar da ka ba mu da Kirsimeti ta ƙyanƙyashe, sai dai shirwa ta sa mu a gaba, 'yan tsaki biyu ta sure a kan idona.

Kawu, magana ce ke tafe da ni. Ka san makarantar yaran tana Madaki, asibitin da nake aiki yana Manawashi, mu kuma muna nan bakin gari. Tun da mai ya yi tsada, kuɗin napep safe da yamma ya fi ƙarfinmu. Maigidana Nehemiah daga can Fatakwal ya yi shawara da mahaifiyarsa, Mama Jumma, suka yanke cewa da hutun Ista a mayar da Lizzy Billiri wurinta, ta ci gaba da karatu a can. Sai da suka gama maganarsu tsaf sannan aka sanar da ni, kamar ba ni na haifi yarinyar ba.

Ban yarda ba. Na jawo tsohon kekensa daga bayan ɗaki, na wanke shi, na kai wa mai faci. Na ce wa Nehemiah ya ba ni daga nan zuwa Ista. In na iya kai yaran makaranta a kan lokaci kuma lafiya, Lizzy ta zauna da ni. Ya ce ya yarda, yana irin dariyar wanda ya tabbata ba za a iya ba.

Kai ka koya mini keke a Kaltungo ina 'yar shekara goma, kuma a kansa ka ƙare aikinka na raba wasiƙu. To ka faɗa mini abin da nake bukata. Danny a gaba nake sa shi, kafinta ya yi masa 'yar kujera a kan sandar keken, Lizzy kuma a baya kan kariya, ƙarfen nan na ɗora kaya. Ranar farko 'yan acaɓa suka bi ni da ihu, "Madam, a sauka a tura!" Ni ban kula su ba, amma cinyoyina har yau ba su yafe mini ba.

Zan ba Jalo direba wannan takardar, tunda kullum yana hanyar Jos. Ba na so a raba ni da 'yata, Kawu.

Ɗiyarka,
Dokas


Jos
10 ga Fabrairu, 2024

Ɗiyata Dokas,

Salama gare ki da yaran. Takardarki ta iso. Gwiwa tana nan tana tsiyarta, Antinki lafiya lau, tana gaishe ki. Ki ce wa Danny na gode masa, ya yi wa wayar abin da na daɗe ina so in yi wa tawa.

Na goyi bayanki. Yarinya 'yar shekara takwas wurin uwarta ya kamata ta kwana. Amma kada ki ɗauki Mama Jumma abokiyar gaba, tsoro ne ke magana a bakinta, kuma jikarta ce.

Ga kwali nan na ba Jalo tare da wannan takardar. Ki zauna ki karanta kafin ki taɓa komai, don na san halinki.

Hulunan kwano biyu na yara ne, marasa nauyi. Kada ki yarda wani ya sa musu irin ta 'yan acaɓa, wuyansu ba zai ɗauka ba. Ki sauko da hular ta rufe goshi, ba a ɗora ta a ƙeya kamar ɗankwali ba, ki ja igiyar har yatsanki ɗaya kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Taki ina nema, kanki ba irin wanda ake samu a ko'ina ba ne.

Famfon ba taya iska da ke cikin kwalin, ki riƙa tafiya da shi. Kowace safiya ki matsa taya da babban yatsa, ki kama birki ki tura keken gaba ki gani ko yana ci. Gombe yashi ne, saboda haka kada ki cika wa sarƙa mai, yashin zai manne ya cinye ta. Ɗan kaɗan, ki goge da tsumma. Sirdin na Nehemiah ne, ya yi miki tsawo, shi ya sa cinyoyinki ke kuka. A sauke shi har yatsun ƙafarki su taɓa ƙasa kina zaune. Ki sa wando, zani ya jira ki a jaka.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta fi duk sauran. Za ki ga koriyar raga da igiyoyin da na yanka daga tsohon tif, robar cikin taya. Ki rufe tayar baya da ragar nan, hagu da dama, daga kariya zuwa ƙasa, ki ɗaure tamau. Yaron da ke zaune a baya ƙafarsa lilo take yi, siket kuma iska ke wasa da shi. Da zarar bakin siket ya shiga wayoyin taya, zai ja ƙafar ciki. Na ga wannan da idona lokacin ina aiki, ba na son in tuna. Ki sa mai walda ya yi wa Lizzy wurin ɗora ƙafa, a sa mata takalmi rufaffe. Kada ki sake goya ta sai kin ɗaura ragar.

Maganar shirwa kuwa, ki kife 'yan tsakin da kwando da rana, ya isa.

Kawunki,
Elias


Gabukka, Gombe
16 ga Fabrairu, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya har ƙasa. Muna lafiya. Kwali ya iso, Jalo ya bar mini a tasha. Na zazzage shi kaf, na leƙa har cikin hulunan, ban ga takarda ba. Na ce to, Kawu ya fara tsufa ke nan, ya aiko kaya ya riƙe magana.

Amma ai kayan sun yi bayanin kansu. Lizzy ta zaɓi jar hular. Danny ya ƙi cire tasa, da ita ya ci tuwo, da ita ya yi barci, ranar Lahadi sai da malamin Sande Sukul ya roƙe shi. Famfon ya riga ya fitar da ni kunya sau ɗaya a hanya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ragar. Layi ɗaya na rubuta maka a kan shirwa, ashe ka riƙe. Ni da maƙwabciyata Inno, matar Malam Rabe, muka kafa sanduna a tsakar gida, muka shimfiɗa ta a kai, muka ɗaure da robobin nan da ka yanka daidai wa daida. Jiya shirwar ta zo ta yi ta kewaye, ta gaji ta tafi. Na tsaya na yi mata gwalo, ni da girmana.

Keke kuwa sai hamdala. Ko sau ɗaya ba mu makara ba. Mai gadin makaranta ya fara ce mini "Direba". Lizzy ta saki jiki sosai, tun daga gida har Madaki waƙa take yi tana lilo da ƙafafu, siket yana tashi kamar tuta. In ka gan mu sai ka yi dariya.

Ɗiyarka,
Dokas


Jos
20 ga Fabrairu, 2024

Dokas,

Antinki ta kira lambarki tun jiya, ba ta shiga. Motar farko da na samu na ba wannan, a tsaye nake rubutawa.

Ki sauke Lizzy daga keken nan. Kada ki ƙara goya ta, ko daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Na haɗa ki da Allah. Sauran bayani yana tafe.

Elias


Gabukka, Gombe
22 ga Fabrairu, 2024

Kawu Elias,

Ina gaisuwa. Ba zan ce muna lafiya ba, tunda na ga alama labari ya riga ya iso maka.

Amma bari ka ji daga bakina. Ranar Talata da safe muna gangara wajen kwarin nan kafin a shiga Madaki, Lizzy tana waƙarta, sai na ji keken ya cije kamar an riƙe shi ta baya, sai ƙara. Siket ɗinta ne ya naɗe a tayar, ya ja dunduniyarta ciki. Mu uku muka zube a yashi. Danny ko ƙwarzane bai yi ba. Kan Lizzy ya bugi dutse, jar hular ta tsage, kanta bai ji komai ba. Wannan kam na gode maka, har in mutu.

Dunduniyar ce ta saɓule. Ƙashi bai karye ba. Ni da nake wanke ciwon mutane kullum, ranar sai abokiyar aikina na miƙa wa audugar. Ka san abin da yarinyar ta ce mini tana kuka? "Mami, kar ki faɗa wa Dadi, za a kai ni Billiri." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban ma samu zarafin faɗa ba. Wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta ga abin, kafin azahar labari ya kai Billiri, kafin yamma ya kai Fatakwal. Nehemiah ya kira ta wayar Inno. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi Mama za ta zo ɗaukar Lizzy mako guda kafin Ista, in haɗa mata kayanta.

Ina cikin wannan sai ga taka takardar, layi huɗu. Ba "yaya jikin yarinya", ba "yaya kike". In sauke ta, kada in ƙara. Wa ya kira ka, Mama ko Nehemiah? Na ɗauka in duk duniya ta ce na yi ganganci, kai za ka tsaya ka tambaye ni tukuna. Kai ka ɗora ni a keke, ka sake ni na faɗi, ka ce in tashi in sake hawa. Yau kai ma ka koma wancan gefen.

Keken yana bayan ɗaki inda na ɗauko shi. Hankalin kowa ya kwanta.

Dokas


Gabukka, Gombe
24 ga Fabrairu, 2024

Kawuna,

In takardata ta shekaranjiya ta iso, ka ba Anti Becky ta hura wuta da ita. Kunya kamar in nutse.

Ɗazu da rana Jalo ya yi sallama har ƙofar gida, hula a hannu, yana ta sosa ƙeya. Wai ya je wankin mota aka ciro ambulan a bayan madubin kare rana, inda ya soke ta don kada ta ɓace. Takardarka ce ta goma ga wata. A tsaye na fara karantawa, da na kai wajen raga sai ga ni zaune a ƙasa. Na ɗaga kai, ga 'yan tsaki can suna kiwo a ƙarƙashinta, sun yi ɓul-ɓul, hankali kwance. Na yi kuka, na yi dariya, Jalo ya rasa wanne zai ba haƙuri. Ban zage shi ba, amma na kalle shi yadda ba zai manta ba.

Inno ta shigo ta tarar da ni a haka, na karanta mata. Ka san ɗinki take yi. Ta je ta shafa ragar, ta tura yatsunta ciki, ta ce, "Maman Lizzy, wannan za ta tare siket, amma in yarinya ta danna da dunduniya lotsawa za ta yi. Akwai guntun tampol da Malam ya daina rufe kaya da shi. Bari in ninka shi biyu in ɗinke." Na ce mata keken ai ya mutu. Ta ce, "Keke bai mutu ba, ke ce kika ji tsoro, kuma da gaskiyarki. Fito da shi in gwada."

Na fito da shi. Ƙafar Lizzy tana warkewa, a napep ɗin wani ɗan cocinmu yaran suke zuwa makaranta kafin a ga yadda za a yi. Amma ko kallon keken ba ta yi, in za ta wuce sai ta kewaye shi. Me zan yi, Kawu?

Ɗiyarka mai saurin baki,
Dokas


Jos
29 ga Fabrairu, 2024

Ɗiyata,

Salama. Takardunki duka biyun sun iso tare, na karanta ta faɗan tukuna don in ji daɗin ta ban haƙurin. Ban ƙona ba. Ba wanda ya kira ni, takardarki ta godiya ce ta tayar mini da hankali, wajen da kika ce tana lilo da ƙafafu. Ki shafa mini kan Lizzy.

Ki gaya wa Inno ta fi ni gaskiya. Raga na sani, ita na saba gani, tampol ɗinta ya fi. Ku dai bar tazara kada ya taɓa birki, ku ɗaga tayar ku juya ku saurara, in kin ji yana gogawa a sake ɗauri. Kafin ki ɗora ɗan mutum, ki ɗaura wa buhun masara tsohon zani, ki sake shi ya yi ja, ki goya shi ki bi duk ramukan hanyar.

Lizzy kuwa kada ki matsa mata, kada ki yi mata alkawarin alewa. Ki bar keken a tsakar gida inda za ta riƙa ganinsa, ki ba ta tsumma ta goge ƙararrawa in ta ga dama. Ranar da Mama Jumma ta zo, kada ki ɓoye ciwon, kada ki ɓoye keken. Ki nuna mata duka biyun, ki yi shiru. Na san shirun ne zai fi ba ki wuya.

Wannan takardar a hannun Jalo na sa ta, na tsaya har ya sa a aljihun gaba.

Kawunki,
Elias


Gabukka, Gombe
25 ga Maris, 2024

Kawu! Kawu!

Gaisuwa a gurguje, kowa lafiya, zauna ka ji.

Mun yi duk yadda ka ce. Inno ta ɗinka tampol shuɗi, har da ƙananan ramuka na zura roba. Mai walda ya yi wurin ɗora ƙafa, an sauke sirdi. Na yi ta yawo da buhun masara sanye da zani har unguwa ta ɗauka na taɓu. 'Yan acaɓa suna tambayata, "Madam, yaya jikin Hajiya?" Zanin bai shiga ba ko sau ɗaya. Lizzy ta goge ƙararrawa, ta goge hannun keke, amma hawa ta ce a'a. Ban matsa ba, ko da yake Ista na ta matsowa.

Ranar Asabar Mama Jumma ta iso da ƙatuwar jaka, wadda babu komai a ciki, domin kwasar kayan Lizzy. Ta sha ruwa, ta ɗora ƙafar yarinyar a cinyarta ta daɗe tana duba tabon. Ni dai na cije leɓe. Sannan ta tashi ta kewaye keken, ta danna tampol da gwiwa, ta ja shi da hannu. Ta ce, "Wannan ne aka ce zai hana?" Na ce e, Mama. Ta ce, "Buhu ba ya jin zafi. Goya ni."

Na ce, "Mama, ke?" Ta ce, "Kafin a haifi mijinki a kan kariya nake zuwa kasuwar Billiri, kuma zanina biyu taya ta cinye. In abin nan ƙarya ne, a ƙafata za a gani, ba a ta jikata ba." Ta kwance bakin zaninta da gangan ta sake shi har yana share ƙasa, ta haye, ta riƙe ƙuguna.

Kawu, Mama ba buhun masara ba ce, buhu biyu ce. Na ce Yesu ka taimake ni, na taka. Ta ce hanyar makaranta za mu bi, har kwarin da muka faɗi. A gangaren ina jin ta tana lilo da ƙafa, tana dukan tampol da dunduniya, da ƙarfi kuwa. Zanin yana ta fal-fal a jikinsa yana zamewa. Da muka zo hawan dawowa numfashina ya kusa ƙarewa, 'yan acaɓan nan suka taso, na ce yau na shiga uku. Sai na ji suna, "Madam, ba sauka! Ba sauka!" Mama kuma a bayana tana dukan kafaɗata, "Taka, 'yata, taka!" Shekara goma da aurena, ranar ta fara ce mini 'yata. Ban sauka ba.

Muka shigo layinmu Inno tana guɗa a ƙofar gida, Danny yana tsalle da hularsa. Mama ta sauko, ta ɗaga bakin zanin ta duba, ƙura ce kawai. Sai ga Lizzy ta fito daga ɗaki da takalminta rufaffe, ta ɗora hular Danny a kai tunda tata ta tsage, ta ce, "Kaka, matsa, wurina ne."

Na kai ta ƙarshen layi na dawo. Ba ta yi waƙa ba a tafiya, a dawowa ta fara.

Mama ta karɓi wayar Inno da kanta ta kira Fatakwal. Ina ji ta ce, "Yarinya tana wurin uwarta. Kai kuma ka aiko da sabuwar hula da tayar baya, ka bar mutane suna fama da tsohon kekenka." Ban ji abin da ya ce ba, amma da ya nemi a ba ni, muryarsa ta yi laushi, ya ce, "Direba, sannu da aiki."

Jiya bayan sujada mata uku suka biyo ni gida suna tambayar wa ya ɗinka tampol ɗin keken. Inno ta ce tampol ɗin Malam ya ƙare, sai dai kowa ta zo da nata.

Da safen nan muka raka Mama tasha. Jakar da ta zo da ita don kayan Lizzy ba ta koma haka nan ba, 'yan kaji biyu na sa mata a ciki, daga cikin waɗanda ragarka ta raina. Lizzy ce ta riƙe jakar har bakin mota, ta ɗaga wa kakarta hannu, sannan ta kama nawa muka juyo gida.

Ɗiyarka,
Dokas


Jos
28 ga Maris, 2024

Ɗiyata Direba,

Barka da Ista, barka da nasara. Na karanta wa Antinki da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Wai ta ce hawaye nake yi, na ce mata ban ji abin da ta ce ba.

Ga hula biyu a kwali, ja ta Lizzy, da taki da na samo da ƙyar. Kada ki jira ta Fatakwal. Wannan takardar da zare da allura na ɗinke ta a jikin igiyar hular, in Jalo ya isa ya ɓatar.

Ragar kuwa a bar wa kaji, sun ci halaliyarsu. Ki ce wa Lizzy ta ci gaba da waƙa, ƙafa dai a kan ƙarfe.

Kawunki,
Elias